Wakilan Sarkin Birtaniya a Gundumomi: Girma Ba Mulki, Aiki Ba Albashi

Duk lokacin da Sarki Charles na Uku, ko wani daga cikin 'yan gidan sarautar Birtaniya, ya kai ziyarar aiki wata gunduma, akwai mutum guda da ke fara tarbarsa kafin shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa da shugaban 'yan sanda. Idan namiji ne, za ka gan shi cikin kaki shuɗi mai duhu irin na manyan hafsoshi, da takobi a ƙugu. Idan mace ce, sau da yawa wata alama ce maƙale a ƙirjinta take nuna matsayinta. Shi zai yi wa baƙon barka da sauka, ya gabatar masa da manyan gari ɗaya bayan ɗaya, ya kasance tare da shi har ya bar gundumar. Wannan shi ne Lod-Laftana, wakilin Sarki a gunduma.

Su 98 ne a faɗin ƙasar: 47 a Ingila, 35 a Scotland, 8 a Wales, 8 a Ireland ta Arewa. Tsohon birnin Landan na ciki, inda bankuna suke, yana da nasa tsarin, domin can kwamiti ne ke riƙe da wakilcin a ƙarƙashin magajin gari. Babu ɗayansu da ke karɓar albashi a kan wannan aiki. Ba sa kafa doka, ba sa sa haraji, ba sa ba soja ko ɗan sanda umarni. Amma ranar da ɗayansu ya tsaya a madadin Sarki, ba mai shiga gabansa a gundumarsa, domin a can ma wakilin sarki sarki ne.

Me ya sa ƙasar da ke zaɓen shugabanninta take riƙe da muƙamin da ya haura shekara 470, wanda ba a zaɓa, wanda kuma ba shi da iko? Amsata ita ce, muƙamin ya rayu ne saboda ya saki iko ya kama wani aiki da gwamnatin jam'iyya ba ta iya yi da kyau: gano mutanen da ke yi wa jama'a hidima a ɓoye, da yi musu godiya da sunan ƙasa baki ɗaya. Wannan aiki yana da daraja, amma darajar tana rataye da sharuɗɗa, kuma ba dukansu aka cika ba.

Asalinsa a fagen yaƙi

A zamanin Sarki Henry na Takwas, Ingila ba ta da tsayayyar rundunar sojan ƙasa. In yaƙi ya taso, kowace gunduma ce ke tara mazajenta, kuma tun da can wannan nauyi yana wuyan sherif, jami'in da ke kula da doka da kuɗin Sarki a gunduma. A shekarun 1540, lokacin da Henry ke gwabzawa da Faransa da Scotland, sai ya fara ba wasu manyan masu sarauta takardar izini su tsaya a madadinsa a yankuna, su tara mayaƙa su jagorance su. A 1549, zamanin ɗansa Edward na Shida, tawaye ya ɓarke a Devon da Cornwall saboda sabon littafin addu'ar coci, wani kuma ya tashi a Norfolk ƙarƙashin Robert Kett saboda masu ƙasa suna killace filayen kiwon talakawa. Fada ta ƙara jingina da waɗannan wakilai, ko da yake a lokacin na wucin gadi ne: ƙura na lafawa a janye takardar.

Sarauniya Elizabeth ta Farko ce ta ba muƙamin gindin zama. Daga 1585, da barazanar Sifen ta yi ƙamari, aka naɗa wakilai a kusan kowace gunduma aka bar su a kai. Su da mataimakansu ke ƙidaya majiya ƙarfi, su duba makamai, su shirya atisaye, su kula da wuraren kunna wutar gargaɗi a kan tuddai. Da jiragen yaƙin Sifen suka doso a 1588, ta hannunsu aka tara mutanen da za su tsare gaɓar teku.

Wanda ya riƙe mayaƙan gunduma ya riƙe gundumar, shi ya sa muƙamin ya faɗa tsakiyar rikicin Sarki da Majalisar Dokoki. A 1642 Majalisa ta fitar da umarnin cewa ita za ta naɗa wakilan, ba tare da sa hannun Sarki Charles na Farko ba. Sarki ya ƙi, ya aika nasa mutanen su tara masa mayaƙa, kuma wannan jayayya tana cikin abubuwan da suka kunna wutar yaƙin basasa a shekarar. Bayan an dawo da sarauta a 1660, dokar 1662 ta mayar da mayaƙan gundumomi hannun wakilan Sarki.

Abin da ya faru a 1687 ya fi kowanne koyar da darasi. Sarki James na Biyu ya umarci wakilansa su bi alƙalai da manyan gundumominsu suna tambayarsu ko za su goyi bayan soke dokokin da suka hana 'yan Katolika riƙe muƙamai. Da yawa suka ƙi, ya tuɓe su, ya ɗora waɗanda jama'ar gundumomin ba su san su da shugabanci ba. Da William na Orange ya sauka Ingila da rundunarsa a 1688, James bai iya dogara da mayaƙan gundumomi ba, kuma kafin shekarar ta ƙare ya tsere Faransa. Tun daga nan ya bayyana cewa amfanin wakili ga Sarki gwargwadon yardar da mutanen gundumarsa suka yi masa ne.

A ƙarni na 18 da na 19 muƙamin ya zama na manyan masu ƙasa. Duke na Wellington, wanda ya ci Napoleon a Waterloo, ya riƙe na Hampshire daga 1820 har rasuwarsa a 1852. Wakili ne ke ba da sunayen waɗanda za a naɗa alƙalan gunduma, shi ke naɗa hafsoshin mayaƙanta, don haka yana da abin rabawa ga magoya baya a lokacin zaɓe. Gwamnati kuwa ba ta ɓoye cewa tana ɗaukarsa nata. A 1819, bayan mahaya dawaki sun afka wa taron masu neman 'yancin zaɓe a Manchester sun kashe sama da mutum goma, Earl Fitzwilliam, wakilin yammacin Yorkshire, ya halarci taron da ya nemi a yi bincike. Nan da nan aka sauke shi.

Yadda ikon ya zare

Ba rana ɗaya aka raba muƙamin da ƙarfinsa ba. Dokar 1871 ta ɗauke jagorancin mayaƙan gundumomi daga hannun wakilai ta mayar da shi ga gwamnatin tsakiya. Dokar 1888 ta kafa zaɓaɓɓun majalisun gundumomi, suka karɓi ayyukan mulki da a da alƙalan da wakili ya zaɓo ke yi, kamar kula da hanyoyi da gadoji. Bayan jam'iyyar Liberal ta yi babbar nasara a zaɓen 1906, ƙorafi ya yi yawa cewa wakilai, waɗanda galibinsu 'yan Conservative ne, 'yan jam'iyyarsu kawai suke kawowa kujerar alƙalanci. Hukumar bincike ta 1910 ta ba da shawara a kafa kwamitocin da za su riƙa tace sunaye, aka yi hakan. A 1921 aka soke iko na ƙarshe da ya rage, wato kiran majiya ƙarfi su fito yaƙi in buƙata ta taso.

Mai karatu a Kano ko Damagaram zai iya kawo hakimi a ransa, amma kamar ba ta wuce wakilci ba. Hakimi yana da dagatai da masu unguwanni a ƙarƙashinsa, yana sauraron ƙorafi, yana sasanta rikicin gona da na iyali, kuma sau da yawa sarautar ta gidansu ce. Wakilin Sarkin Birtaniya ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba a kawo masa ƙara, ɗansa ba ya gadonsa, kuma yana cika shekara 75 zai sauka.

Aikinsu a yau

Aikin da aka fi saninsu da shi shi ne ziyarar 'yan gidan sarauta. Makaranta ko asibiti ko masana'antar da ke son wani daga fada ya zo buɗe sabon gini, ta ofishin wakili take bi. Shi zai tace buƙatun ya miƙa wa fada tare da shawararsa. In an amince, ofishinsa zai zauna da jami'an fada da 'yan sanda a tsara komai: ƙarfe nawa za a iso, ta wace ƙofa za a shiga, wa za a gabatar, minti nawa za a yi a kowane wuri. Akwai tasiri na gaske a cikin wannan, domin wakili ne ke nuna wa fada inda za ta duba. Yana iya kai baƙon babban kamfani, yana kuma iya kai shi wurin rabon abinci ga mabuƙata a unguwar da ba a taɓa kai babban baƙo ba, kuma 'yan jarida da masu ba da tallafi sukan bi sawun ziyarar.

Na biyu shi ne lambobin yabo. Manyan lambobi a fada ake bayar da su, amma akwai waɗanda wakili ke miƙawa a gida. Lambar BEM, wadda aka daina bayarwa a farkon shekarun 1990 aka dawo da ita a 2012, an tanade ta ne don hidimar da mutum ya yi wa unguwarsa ko ƙauyensa da hannunsa, kuma wakili ne ke maƙala ta a gaban dangi da maƙwabta. Akwai lambar Sarki ta ƙungiyoyin sa-kai, wadda aka ƙirƙira a 2002 lokacin da Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta cika shekara 50 a kan gado. In an gabatar da sunan ƙungiya, mataimakan wakili ne ke zuwa su ga aikinta da idonsu, su tattauna da masu yi da masu amfana, su rubuta rahoton da kwamitin ƙasa zai duba. Haka nan wakili ke kai lambar Sarki ta kamfanonin da suka yi fice har cikin masana'anta, a gaban ma'aikata. Mafi nauyi a zuciya ita ce lambar Elizabeth Cross, da aka kafa a 2009 domin iyalan sojojin da suka mutu a bakin aiki. Sau da yawa wakili ne ke miƙa ta ga uwa ko matar mamacin.

Wakili ba shi ke yanke hukuncin wanda zai sami lambar girma ta ƙasa ba. Kwamitoci ne a Landan, kuma kowane ɗan ƙasa yana da damar gabatar da sunan wanda ya ga ya cancanta. Amma akan nemi ra'ayin wakili a kan sunayen da suka fito daga gundumarsa, kuma yana daga aikinsa ya zaburar da jama'a su gabatar da mutanensu. Shi ma yana ba da sunayen wasu daga cikin waɗanda ake gayyata liyafar lambu a Fadar Buckingham ko Fadar Holyroodhouse da ke Edinburgh, inda kowane zama ke tara kimanin mutum 8,000.

Na uku shi ne abin da ya rage na tsohuwar alaƙa da soja. Wakili uba ne ga dakarun ko-ta-kwana da ƙungiyoyin matasa 'yan kadet na gundumarsa. Kowace shekara yakan zaɓi wasu matasan da suka yi fice su riƙa yi masa rakiya a wuraren bukukuwa. A ranar Lahadi ta biyu a watan Nuwamba, ranar tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙe-yaƙe, shi ke fara ajiye furanni a gindin dutsen tunawa a madadin Sarki, mataimakansa kuma su watsu sauran garuruwa su yi haka.

Na huɗu ya fi sauran kusa da iko. A Ingila da Wales, alƙalan majistare yawancinsu 'yan sa-kai ne, ba lauyoyi ba, ba kuma a biyansu. Sukan zauna su biyu ko uku tare da masanin doka da ke ba su shawara. Kowace shari'ar laifi a gabansu take farawa, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 a nan take ƙarewa. Kwamitocin da ke ganawa da masu neman wannan aiki su ba da sunayen waɗanda suka dace, bisa al'ada wakilin Sarki ne ke shugabantarsu, ko da yake naɗin kansa manyan alƙalan ƙasa ne ke yi.

Na biyar sabo ne. Tun 2004, duk babban mutum da ya nemi zama ɗan ƙasar Birtaniya aka amince masa, sai ya halarci biki a ƙaramar hukumarsa ya yi rantsuwar biyayya ga Sarki da alƙawarin kiyaye dokokin ƙasa. An yi na farko a unguwar Brent ta Landan, kuma Charles, yana Yarima a lokacin, ya halarta. A wurare da yawa wakili ko mataimakinsa ne ke yi wa sababbin 'yan ƙasa maraba ya miƙa musu takarda. Ɗan Nijeriya ko ɗan Sudan ko ɗan Gana da ya bi wannan hanya, mai yiwuwa wannan ce haɗuwarsa ta farko da wani mai magana da yawun gadon sarauta.

Bayan waɗannan akwai aikin yau da kullum da ba ya shiga labarai: zama uban ƙungiyoyin agaji, ziyartar coci da masallaci da wuraren ibadar Yahudawa da Hindu da Sikh, halartar buɗa-baki a watan azumi, haɗa mai kuɗi da mai kyakkyawan shiri, kiran taron da shugabannin jam'iyyu masu gaba da juna za su iya zama tebur ɗaya. Da Sarauniya Elizabeth ta rasu ranar 8 ga Satumba 2022, ofisoshin wakilai tare da ƙananan hukumomi ne suka ɗauki nauyin tsara zaman makoki a gundumomi, kuma ranar 11 ga watan wakilai suka tsaya a dandalin garuruwa aka karanta shelar hawan sabon Sarki.

Nauyin ma ƙaruwa yake yi. Yarima Philip ya yi ritaya a 2017, Yarima Andrew ya janye daga aikin fada a 2019, Yarima Harry da matarsa suka bi a 2020, sannan a 2024 Sarki da Gimbiyar Wales duka suka yi jinyar ciwon daji. Masu yawo da sunan fada sun ragu, gayyata kuwa ba ta ragu ba. Inda ɗan sarki ba zai samu zuwa ba, wakili ne ke zuwa.

Wa ke zaɓensu

Sarki ne ke naɗawa, amma bisa shawarar Firaminista. A Ingila, in kujera ta kusa zama babu kowa, jami'in da ke kula da naɗe-naɗe a ofishin Firaminista yakan je gundumar ya ji ta bakin shugabannin ƙananan hukumomi, malaman addini, 'yan kasuwa, ƙungiyoyin agaji da sauransu, sannan ya kai sunaye. A Scotland da Wales shugabannin gwamnatocin yankunan suna da baki a zaɓen. Birane huɗu na Scotland, wato Edinburgh, Glasgow, Aberdeen da Dundee, sun fita daban: duk wanda kansiloli suka zaɓa magajin gari, shi ne wakilin Sarki kai tsaye.

Wanda aka naɗa dole ya nisanci siyasar jam'iyya. Gwamnati tana mayar masa da wasu kuɗaɗen da ya kashe a kan aiki, kamar na tafiye-tafiye, kuma galibi majalisar gunduma ce ke ba shi magatakarda. Shi ke zaɓen muƙaddashinsa da mataimakansa, waɗanda a yawancin gundumomin Ingila sukan kai 30 zuwa 40 ko fiye, gwargwadon yawan jama'a. Doka ta ce mataimaki ya kasance yana da mazauni a cikin gundumar ko cikin mil 7 daga iyakarta, kuma ba a ba shi takarda sai fada ta sanar cewa Sarki bai ƙi ba. A Landan, kowace ɗaya daga cikin unguwanni 32 tana da mataimakin da aka keɓe mata. Tsohon muƙamin sherif shi ma yana nan, na shekara ɗaya, yana wakiltar Sarki a sha'anin kotuna da tarbar manyan alƙalai, kuma shi ke karanta shelar sabon Sarki a gundumomin Ingila da Wales.

Dokar 1997 ce ta zayyana yankunan wakilcin, kuma a nan muƙamin ya yi wani amfani da ba a cika lura da shi ba. Gwamnatoci sun sha sauya iyakokin ƙananan hukumomi, musamman a 1974 da tsakiyar shekarun 1990. An rushe majalisar gundumar Berkshire a 1998 aka raba aikinta ga ƙananan hukumomi shida, amma Berkshire tana nan a matsayin gunduma saboda tana da wakilin Sarki. Rutland mai mutum kusan 41,000 tana da wakili ɗaya, kamar yadda Landan mai kusan miliyan 9 take da ɗaya. Ga mutanen da ke jin kansu 'yan wata gunduma ne tun kaka da kakanni, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Fuskokin masu riƙe muƙamin ma sun sauya, ko da yake a hankali. Sai a 1975 aka naɗa mace a Ingila, Lavinia, Duchess ta Norfolk, a West Sussex. A 2007 aka naɗa Paul Sabapathy, haifaffen Indiya, a West Midlands, shi ne na farko da ba farar fata ba. A 2015 aka ba Kenneth Olisa na Landan. An haife shi a Nottingham, mahaifinsa ɗan Nijeriya, mahaifiyarsa Baturiya, ya tashi cikin talauci ya yi suna a harkar kwamfuta da taimakon marasa matsuguni. A 2017 Peaches Golding, haifaffiyar Amurka, ta zama baƙar mace ta farko a muƙamin, a Bristol. A 2022 aka naɗa Mohammed Saddiq, injiniya haifaffen Leeds wanda iyayensa suka zo daga Pakistan, a Somerset.

Abin da masu suka ke cewa

Masu son a kawar da sarauta gaba ɗaya, kamar ƙungiyar Republic, suna ganin duk wani muƙamin da ba jama'a suka zaɓa ba bai dace da dimokuraɗiyya ba, kuma wakilan Sarki rassa ne na bishiyar da suke son a sare. Wannan muhawara ce a kan sarautar kanta, kuma binciken ra'ayin jama'a ya sha nuna cewa goyon bayanta ya fi rauni a tsakanin matasa. Amma akwai suka uku da ko mai ƙaunar sarauta ya kamata ya saurara.

Na farko, rashin albashi. Ana faɗinsa da alfahari, kuma akwai abin alfahari a ciki, amma aiki ne da ke cin kwanaki da yawa a mako na tsawon shekaru. Wa zai iya wannan in ba mai abin hannu ba? Malamar makaranta ko direban bas, komai sanin da suka yi wa gundumarsu, ba su da halin ɗauka. Ƙofar da aka buɗe wa mata da 'ya'yan baƙi har yanzu a rufe take ga mai ƙaramin ƙarfi.

Na biyu, zaɓen ba a fili ake yin sa ba. Ba a sanar da jama'a waɗanda aka tuntuɓa ko sunayen da aka auna. Wakili kuma shi ke zaɓen mataimakansa, kuma sau da yawa daga cikinsu magajinsa ke fitowa. Mutum yakan zaɓi wanda ya sani, wanda ya sani kuma yakan yi kama da shi. In aka tuna cewa waɗannan mutane suna da baki a kan wanda zai sami lambar yabo da wanda zai hau kujerar majistare, sai a ga cewa ƙaramin tasirin da ya rage musu yana gudana ne inda ido ba ya kaiwa.

Na uku, babu wani zaɓe ko majalisar da za ta tuhumi wakili in ya kauce. A 2015 Paul Sabapathy ya ajiye muƙaminsa ya nemi gafara, bayan wata wasiƙarsa ta fita fili da kalaman da suka ɓata wa 'yan asalin Pakistan rai. Abin ya nuna cewa wakili ba ya iya ci gaba in wani ɓangaren gundumarsa ya daina ganinsa a matsayin nasa. Ya kuma nuna cewa abin da ke tsare muƙamin shi ne kunyar mai riƙe da shi da idon 'yan jarida, ba wata ƙa'ida da talaka zai iya kamawa ba.

Inda na tsaya

Duk da haka ina ganin muƙamin ya cancanci a riƙe shi. Birtaniya ƙasa ce da ayyuka masu yawa suka dogara da mutanen da ba a biya: masu tuƙa jiragen ceto a teku, masu zama da marasa lafiya a ƙarshen rayuwarsu, masu horar da yara ƙwallo, masu rabon abinci, har da alƙalan majistare. Irin waɗannan mutane ba kuɗi suke nema ba, amma ba wanda ba ya son a san da shi. Yaba kyauta tukwici ne. In minista ko ɗan majalisa ya zo yabo, rabin masu sauraro za su ce ƙuri'a yake nema, kuma wataƙila ba su yi ƙarya ba. Wakilin Sarki ba ya tsayawa takara, ba shi da kwangilar bayarwa, ba shi da abin da zai nema a wurin wanda yake yabawa. Rashin ikon nan da ake ganin rauni ne, shi ya sa godiyarsa take da nauyi.

Akwai kuma fa'idar daɗewa. Kansiloli da 'yan majalisa suna zuwa suna tafiya, shugabannin asibitoci da na 'yan sanda ana yi musu canjin wurin aiki, amma wakili yakan shekara goma ko fiye yana shiga lungu da saƙon gunduma ɗaya. Mutum ne da ya san wa ke yin me a ina, wanda kuma in ya kira taro ba mai jin cewa zuwa wurinsa mubaya'a ce ga wata jam'iyya.

Sai dai duk wannan hujja tana tsayawa ne in wakilin yana ganin gundumar baki ɗayanta. In idonsa bai wuce gidajen masu hali da ƙungiyoyin da suka iya rubuta takardar neman yabo ba, to ya zama mai raba girma ga waɗanda suka riga suka same shi, kuma masu suka sun yi gaskiya. Gyaran ba mai wuya ba ne. A bayyana yadda ake zaɓen wakili da mataimakansa, a ba jama'a hanyar gabatar da sunaye da kowa ya sani. A biya kuɗin aikin yadda wanda ba shi da gado ko kamfani zai iya karɓa ba tare da ya talauta iyalinsa ba. A riƙa fitar da bayanin unguwannin da lambobin yabo da ziyarce-ziyarce suka je, domin a ga waɗanda ake tsallakewa. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da zai mayar wa muƙamin iko ko ya jefa shi cikin siyasa. Abin da za su yi shi ne su sa ya cika alƙawarin da yake yi, cewa Sarki na kowa ne, kuma hidimar ma'aikaciyar jinya a ƙauye daidai take da ta mai masana'anta a birni. Muƙamin da ba shi da runduna ba shi da taska, yardar jama'a ce kaɗai jarinsa, kuma kowane sabon ƙarni sai an sake neman yardarsa.